Tambaya da Amsa: Kula da 'Yan Mazan Jiya Masu Ciwon Zuciya ta Wayar Salula

Yawancin wasiƙun da suka shigo filin nan a wannan watan daga gidajen 'yan mazan jiya suka fito, na Bauchi da Gombe. Maganar kusan ɗaya ce: an sallami Baba daga asibiti, 'ya'ya sun watsu a garuruwa, ranar komawa wurin likita da sauran makonni, abin da ya rage a tsakani sai waya. Ga amsoshin likitoci da ma'aikatan jinya na wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina tsohon samanja ne, shekararsa 68, yana zaune a Yelwa cikin Bauchi. Ya yi kwana tara a asibiti, likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ruwa ya taru masa a ƙirji da ƙafafu. Ni ina aure a Gombe. Kullum sai na kira shi, kullum amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ta yaya zan gane gaskiyar jikinsa ta waya?
Daga wata baiwar Allah, Pantami, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya yi miki albarka. Ba ɓoye miki yake yi da gangan ba. Mutumin da ya shekara talatin ana koya masa dauriya ba zai zauna yana lissafa wa 'yarsa ciwo ba, ga kuma kunyar da ke tsakanin uba da 'ya. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki bar shi ya ce lafiya lau ɗinsa, sannan ki shiga tambayoyin da amsarsu lamba ce. Soja yana ƙin ƙorafi, amma ba ya ƙin ba da rahoto.

Ki tanadar masa sikelin awon nauyi na tsayawa a kai, da na'urar awon jini mai batir wadda ake ɗaurawa a damtse, don ta wuyan hannu ta fi yawan kuskure, sai littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A ja layi a kowane shafi: kwanan wata, nauyi, awon jini, bugun zuciya, magani.

Nauyin shi ne kan gaba, kuma ga dalili. Zuciyar da ta yi rauni ba ta tura isasshen jini zuwa ƙoda, ita kuma ƙoda sai ta kama gishiri da ruwa ta riƙe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwan yakan yi kwanaki yana taruwa kafin ƙafa ta nuna ko numfashi ya canza, sikeli ne ke fara ganinsa. Ya hau kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi iri ɗaya, babu takalmi. A ajiye sikelin a kan siminti, ba kan tabarma ko kafet ba, domin ƙasa mai laushi tana ɓata awo. Nauyin da ya samu washegarin sallama a rubuta shi da babban baƙi a bangon littafin, da shi za a riƙa gwada sauran. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, wannan ruwa ne, ba ƙiba ba, a kira asibiti a ranar.

Awon jini kuma yana da ladabinsa. Ya zauna minti 5 a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Kada ya ci goro ko ya sha shayi ko taba cikin rabin awa kafin awo. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, a rubuta duka biyun tare da lambar bugun zuciya da na'urar ke nunawa a ƙasa. A awon gida, in lambar tana yawan kai 135 bisa 85 ko ta wuce, sai a nuna wa likita.

Bayan lambobi, ki tambayi abubuwan da yake yi kullum. "Baba, filo nawa kuka kwana a kai jiya?" Wanda ya saba da ɗaya ya koma uku, ko ya kwana a kujera, ruwa ne ke hawa huhunsa in ya miƙe. "Kun farka cikin dare kuna neman iska?" "Takalmin zuwa masallaci ya shiga yau?" "Kun kai masallacin ba tare da kun tsaya a hanya ba?" Ki kasa kunne ga yadda yake magana ma, ba ga amsar kaɗai ba. In yana yanke zance a tsakiya don ya ja numfashi, kin ji abin da bai faɗa ba. Sau biyu a mako ki ce a ba Mama ko wani jika wayar, ya danna babban yatsa a kan ƙwaurin Baba, ya ƙirga biyar, ya saki. In rami ya zauna kamar an danna tuwo mai ɗumi, akwai ruwa, a faɗa miki iya inda kumburin ya kai: idon sawu, ƙwauri ko gwiwa.

Ki tsayar da lokaci ɗaya na kiransa, misali ƙarfe 8 na safe bayan ya gama awo. Kullum a mako biyun farko, sannan sau biyu a mako, daga baya sau ɗaya har wata uku. Watan farko bayan sallama shi ne lokacin da aka fi komawa gadon asibiti, shi ya sa ya kamata likita ya gan shi ido da ido cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko da lambobinsa sun yi kyau. Ki kuma riƙe lamba ta biyu, ta maƙwabci ko ta wani ɗan gidan, saboda ranar da caji ko sabis zai ɗauke.

Tambaya: Ni tsohon kofur ne, na yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Yammacin Afirka, a Laberiya. Wata biyu da suka wuce jijiyar zuciyata ta toshe, aka sa min ɗan bututun ƙarfe a ciki. Ɗana ya ce a Amurka ta waya ake kula da tsofaffin sojoji masu irin ciwona. Gaskiya ne? Mu nan yaya za mu yi?
Daga tsohon kofur, Kumo

Amsa: Ranka ya daɗe, gaskiya ɗanka ya faɗa. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka tana da shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya a gidajensu, saboda da yawa suna zaune nesa da asibiti, ba za su iya zuwa motsa jiki sau uku a mako ba. Shirin na mako 12 ne: ma'aikacin lafiya yana kira a kan lokaci, su duba awo, su tsara tafiyar ƙafa, su yi maganar abinci, magani, taba da damuwa. A asibitinsu na San Faransisko an bi sawun mutum 1,120 da aka yi wa tayin shirin, 490 suka shiga. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna haɗarin mutuwa ya yi ƙasa da kashi 36 cikin 100 ga waɗanda suka shiga, cikin kimanin shekara 4. Su suka zaɓi shiga da kansu, don haka ba za a jingina dukkan bambancin ga waya ba, amma alamar tana da ƙarfi.

Abin lura, babu wata na'ura mai tsada a zuciyar shirin. Mutum ne ke kira a ranar da ya ce zai kira, yana tambaya, yana rubutawa. Ana iya yin wannan a Kumo. In ka koma asibiti, ka tambayi likita ko nas ɗin sashen zuciya lambar da za a kira in an ga canji, da sa'o'in da ake ɗauka, a rubuta maka a takardar sallama. Ka kuma je ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion na jiharka da katin ritayarka, ka tabbatar da rajistarka a inshorar lafiyar sojoji ta DHML da asibitin da aka ɗora ka a kai. Kiran mako-mako kuwa ɗanka zai iya ɗauka.

Ga tsarin tafiyar, in likitanka ya amince. Ka fara da minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana a fili marar hawa. Kowane mako ka ƙara kamar minti 5, har ka kai minti 30 sau biyar a mako. Minti biyar na farko da na ƙarshe a hankali. Ma'aunin saurinka gaisuwa ce: in za ka iya gaisawa da maƙwabci, ka tambayi iyali da gajiya ba tare da numfashi ya yanke maka ba, kana kan daidai. Ba takun fareti ake so ba. Ka fita da sassafe ko dab da magariba, ka guji tsakar rana a Maris da Afrilu, kada kuma ka fita nan take bayan cin abinci. Ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya kama ka, ko zuciya ta riƙa dukan da ba ka saba ji ba, ka tsaya ka zauna. Huɗa, ɗaukar buhun taki da turin mota su jira sai likita ya ba da izini, domin yunƙuri tare da riƙe numfashi yana ɗaga jini farat ɗaya.

Tambaya: Maigidana tsohon soja ne, ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya. Abin da ke hana ni barci shi ne dare. In ciwo ya taso, wa zan fara kira?
Daga wata uwargida, Fadaman Mada, Bauchi

Amsa: Hajiya, a nan waya take da iyaka, kuma muna so ki riƙe wannan da kyau. Akwai alamun da ba a tsayawa neman shawara a kansu, mota ake nema. Ciwon ƙirji kamar an ɗora dutse, musamman in ya bi hannu, muƙamuƙi ko baya, da zufa mai sanyi. Numfashi ya gagara ko yana zaune. Tari mai kumfa da ja-ja a ciki. Suma. Baki ya karkace, magana ta harɗe, ko ɓarin jiki ya saki. Mai ciwon suga da dattijo kan samu toshewar ba tare da ciwon ƙirji sosai ba, sai dai haki, amai, zufa da kasala mai tsanani.

In ƙirji ne, ki zaunar da shi ya jingina. In likita ya ba shi ƙwayar ƙarƙashin harshe, ya sa ɗaya yana zaune, domin tana saukar da jini, mai tsaye zai iya faɗuwa. Minti 5 ciwon bai lafa ba, ku kama hanya. Ya tauna asfirin miligiram 300, wato ƙananan na 75 guda huɗu, sai in jikinsa ba ya karɓar asfirin ko yana da gyambon ciki mai zubar da jini. In alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kada a ba shi asfirin ko komai ta baki, don mai yiwuwa jini ne ya fashe a ƙwaƙwalwa.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ki ajiye ta. Amma tun da rana tsaka ki yi magana da maƙwabci mai mota ko mai Keke Napep na unguwa, ki karɓi lambarsa, ki gaya masa wata rana za ki iya bugo masa da ƙarfe biyun dare. Kada maigida ya ja motar da kansa, kada kuma a kwantar da mai haki a kujerar baya, a zaune zai tafi. Ku nufi sashen gaggawa na babban asibiti kai tsaye: a Bauchi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya. Naman zuciyar da jini ya daina kai wa yana mutuwa ne cikin sa'o'i, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, shi ya sa "bari gari ya waye" take da tsada. Littafin awo, ledar magunguna da takardar gwajin zuciya ta baya su zauna a jaka ɗaya kusa da ƙofa.

Waɗanda ake kira a kansu a ranar, ba tare da gudu ba, su ne ƙarin nauyi da kumburi, jiri in ya miƙe tare da lambar sama ta awon jini ƙasa da 90, bugun zuciya ƙasa da 50 ko sama da 120 yana hutawa, baƙin bayan gida kamar kwalta, da amai da gudawa. Na ƙarshen nan mutane na raina shi, alhali wanda ke shan maganin fitsari in ya ƙara rasa ruwa ƙodarsa na iya tsayawa, likita yakan ce a dakatar da wasu ƙwayoyin na kwana ɗaya ko biyu. In kin kira, ki fara da suna, lambar kati, sannan lambobin kwana ukun baya.

Tambaya: Baba yana shan magani ne ranar da ya ji jiki kawai, wai yana tattalinsa ya kai ƙarshen wata. Kuma yana sayen haɗi a kemis saboda ciwon gwiwa da baya.
Daga wani ɗan tsohon soja, Azare

Amsa: Malam, waɗannan biyun suna cikin manyan abubuwan da ke mai da mutane asibiti. Za mu rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don ka duba. Carvedilol da bisoprolol birki ne ga zuciya, in aka yanke su farat ɗaya sai bugu ya ɓalle da gudu, ciwon ƙirji na iya dawowa. Clopidogrel da asfirin su ke hana jini daskarewa a cikin bututun da aka sa a jijiya, yawanci ana haɗa su har wata 12 bayan toshewa, kuma barin su kafin lokaci na iya toshe bututun gaba ɗaya. In kuɗi ne matsalar, a gaya wa likita ƙarara, ya san wanda ke da madadi mai sauƙin kuɗi da wanda ba a taɓawa.

Kada ka tambaye shi ko yana shan magani, "ina sha" zai ce. Ka ce ya ɗauko katin ƙwayar ya ƙirga maka wanda ya rage. An sayi 30 ran 1 ga wata, ana shan ɗaya kullum, ran 15 da yamma ya kamata 15 su rage. In 23 ne, ka san kwana takwas sun tafi. Saura na mako ɗaya, a sayo sabo.

Lasix kuwa, wato maganin fitsari, dattawa kan tsallake shi ran Juma'a ko ranar tafiya saboda tsaron alwala. Ƙarfinsa yana cikin sa'o'in farko ne, ya lafa cikin kamar awa 6, saboda haka ya sha shi da sassafe, ko ya jinkirta har ya sauko daga masallaci, amma kada ya wuce la'asar don kada ya kwana yana tashi. Busasshen tari bayan fara lisinopril, maganin hawan jini da raunin zuciya, sananne ne, a kira a canza masa, kada ya bari da kansa. Shi da spironolactone suna buƙatar gwajin jini na ƙoda mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa ko ƙara yawa.

Haɗin kemis yakan ƙunshi diclofenac, ibuprofen ko piroxicam. Suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin fitsari, in kuma suka gamu da asfirin ciki na iya zubar da jini. Farasitamol ya fi dacewa, kada ya wuce giram 3 a rana ga dattijo. Akwai kuma maganar da ɗa ba zai iya yi wa uba ba: maganin ƙarfin maza, na kemis da na kwalba, in ya haɗu da ƙwayar ƙarƙashin harshe yana faɗar da jini har a rasa rai. Ka roƙi likita namiji ko wani amininsa ya taso da ita.

Tambaya: An ce a rage wa maigida gishiri da ruwa. Da zafin Gombe yaya za a yi?
Daga wata matar aure, Bolari

Amsa: Gishirin rana gaba ɗaya kada ya kai giram 5, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, har da wanda ke ɓoye. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, akwai kuma gishiri da yawa a yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani da ƙullin ɗanɗanon taliyar leda. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wajen zuciya, a cire ta daga kunu da miyarsa. Ki ɗebi miyarsa kafin ki sa dunƙule, ki ƙarfafa ta da daddawa marar gishiri, albasa, tafarnuwa, citta da lemun tsami. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni.

Taƙaita ruwa ba na kowa ba ne, sai wanda likita ya ce. In an ce lita ɗaya da rabi zuwa biyu, leda uku zuwa huɗu ke nan ta fiya wata, kuma shayi, koko, fura da kankana duk suna cikin lissafi. A tsananin zafi, in nauyinsa ya faɗi ƙasa da na bangon littafi da kilo ɗaya ko biyu, baki na bushewa, jiri na ɗibarsa, ruwan ne ya yi kaɗan. A kira, wataƙila maganin fitsarin za a rage.

Tambaya: Mu biyar ne da muka yi aiki tare a barikin Shadawanka, muna kiran juna tun da muka yi ritaya. Ɗayanmu tun da aka yi masa aikin zuciya ya daina ɗaukar waya. Matarsa ta ce ba ya barci, yana firgita cikin dare, ya daina fita majalisa.
Daga wani ɗan mazan jiya, Bauchi

Amsa: Yallaɓai, Allah Ya bar zumunci. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon damuwa, wanda ke kama kusan mutum ɗaya cikin biyar bayan babban ciwon zuciya. Ga wanda ya ga fagen daga, kwanciyar asibiti da jin kusancin mutuwa na iya tono abubuwan da ya binne shekaru da yawa. Ba raunin imani ba ne, ba ragwanci ba ne, kuma yana da magani. Yana taɓa zuciyar kanta, domin mai wannan hali shi ne ke barin ƙwayoyinsa, ya bar tafiya, ya koma taba.

Ku fara da zuwa gidansa, mutum biyu, kada ku tafi dukkanku. Sannan ku raba kira, kowa da ranarsa da lokacinsa, minti 10 ya isa. Wanda bai samu an ɗauka ba ya kira uwargida a ranar, kada ya bari sai mako ya zagayo. Kada ku buɗe da "ka yi haƙuri, ka zama namiji", ya riga ya gaya wa kansa wannan sau ɗari. Ku yi hirar da kuka saba, ta bariki da ta fansho da ta gona, sannan wanda ya fi kusa da shi ya yi masa tambaya biyu a fili: cikin mako biyun nan, kana jin ranka a ɓace ko ka yanke ƙauna? Abubuwan da kake jin daɗinsu da, har yanzu suna yi maka daɗi? In ya ce e ga ta farko ko a'a ga ta biyu, a raka shi ya gaya wa likitan zuciyarsa, shi zai zaɓi maganin da bai saɓa da na zuciya ba, ko ya tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kada ya sayi maganin barci a kemis. Uwargida ta kuma lura ko firgitar tana zuwa da haki wanda ke lafawa in ya tashi zaune, domin wannan ruwa ne a huhu, na kiran asibiti ne a ranar.

In ya furta cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara rabon kayansa yana sallama da mutane, kada a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya. A karɓe ledar magunguna daga hannunsa a damƙa wa uwargida ta riƙa ba shi na lokaci-lokaci, in akwai makami a gidan a fitar da shi, a kai shi asibiti a ranar.